Raunin Da Ke Ɓuya A Cikin Ƙwaƙwalwa

Sau da yawa mutum kan faɗo daga babur ya bugu a ka, a yi masa hoton CT, a ga babu karaya babu zubar jini, amma daga baya ya soma mantuwa da saurin fushi. Dalili kuwa shi ne, cikin ƙwaƙwalwa akwai farin sashe mai ƙunshe da miliyoyin siraran jijiyoyi, waɗanda ke kai saƙo daga wannan ɓangare zuwa wancan. Idan kai ya jijjiga da ƙarfi sai su miƙe, waɗansu su tsinke. Saboda sirantarsu, CT bai cika nuna ɓarnar ba.

A shekarar 1994 Peter Basser da abokan aikinsa a Amurka suka fito da DTI, wata dabarar ɗaukar hoto da na'urar MRI. Ruwan da ke cikin lafiyayyar jijiya yakan bi tsawonta kamar magudana. Inda ta lalace kuwa sai ya bazu barkatai. Ta haka masu bincike ke gano wurin raunin.

Saboda haka duk wanda ya bugu a ka, idan ciwon kai, amai, jiri ko mantuwa suka biyo baya, a hanzarta mayar da shi asibiti. Masu babur kuma su lazimci sa hular kwano.