Zumunta a Ƙafa Ta Ke: Darasi a Kan Ziyarar Ɗan Kaso

Ya mai karatu, in mutum ya kwanta ciwo a garinmu, kowa ya kan je gaisuwa. In an yi rasuwa, zaure ya kan cika. Amma ran da jandarma suka tafi da wani, sai gidan ya yi tsit. Maƙwabta su kau da kai, dangi su daina ambaton sunansa. Wannan darasi domin irin wannan gida ne, da ikkilisiyar da ke kewaye da shi.

1. Har yanzu naka ne

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka sani fa, ba dukan wanda ke kaso aka yanke wa hukunci ba. A Nijar fiye da rabin 'yan kaso jiran shari'a su ke yi. Ka tuna da Yusufu. Ƙarya ce ta kai shi kurkuku a Masar, mai shayarwar Fir'auna kuma ya manta da shi har shekara 2.

In kuwa ɗanka ya yi laifin da gaske, zuwa wurinsa ba wanke shi ba ne. Hukunci na alƙali ne, zumunci naka ne. A cikin Matiyu sura 25 Ubangiji Yesu ya jera ziyarar ɗaurarre tare da ciyar da mayunwaci, ya kuma karɓe ta kamar shi aka yi wa. Manzo Bulus bai manta da Onisifuras ba, gama ya neme shi a Roma har ya same shi, bai ji kunyar sarƙarsa ba.

2. Kafin ka tashi

Ka fara tabbatar da inda ya ke. Mutumin Badagishiri ana iya tsare shi a Illela, ko Birnin Ƙonni, ko Tawa, a kan kuma sake wa ɗan kaso wuri. Ka tambayi rana da sa'ar ziyara, kada kuɗin mota su tafi a banza.

Ka riƙe takardar shaidarka ta ɗan ƙasa. In ba a yi shari'a ba tukuna, daga kotu a ke neman takardar izinin gani. In an riga an yanke hukunci, sai ka tambayi shugaban gidan kaso. Ziyara ba abin saye ba ce, domin haka kada ka ba da cin hanci. A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idodi masu sunan Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a ɗaure. Sun ce a bar ɗan kaso ya riƙa saduwa da iyalinsa ta wasiƙa da ta ziyara.

3. Abin da za ka riƙa

Abincin kaso ba ya isa. Ka kai abin da ba ya saurin lalacewa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, sukari. Ka haɗa da sabulu, da tabarma, da bargo lokacin ɗari. Magani kuwa, ka nuna wa masu gadi tukuna. Za a bincika kayanka, ka yi haƙuri. Kada ka ɓoye wayar salula, ko ƙwaya, ko wuƙa, ko da shi ya roƙe ka. Yin haka zai ƙara masa wahala, kai ma ya jawo maka.

4. Abin da za ka faɗa

Lokaci kaɗan ne, kada faɗa ya cinye shi. Ka ba shi labarin gida: lafiyar tsohuwa, karatun yara, yadda hatsi ya yi. Ka bar shi ya yi magana. Kada ka ce masa gobe zai fita alhali ba ka sani ba. Ka faɗi ranar da za ka komo, ka kuwa cika, gama yana ƙirga kwanakin. In ya yarda, ku yi addu'a tare.

5. Tsakanin ziyara da ziyara

In hanya ta yi nisa, ka aika da wasiƙa, amma ka sani ana iya karanta ta kafin ta kai gare shi. In an daɗe ba a kira shari'arsa ba, ka je kotu ka tambaya. Tun shekarar 2011 aka kafa hukumar ANAJJ domin taimakon marasa ƙarfi a gaban shari'a. Ka nemi ofishinta a babbar kotu.

Ku kuma dattawan ikkilisiya, matarsa da 'ya'yansa suna shan nasu ɗaurin a waje. Ku yi gayya ku nome gonarsa da damina. Ku raba ziyarar a tsakaninku, kada ta zama kayan mutum ɗaya. Ran da ya fito, a tarye shi, a ba shi hauya da wurin zama. Wanda ya komo ya tarar da ƙofa a rufe, ina za shi?

Tambayoyi

1. Wane ne daga garinku ke kaso yanzu?
2. Yaushe aka je wurinsa na ƙarshe?
3. Wa zai je a wannan wata?