Darasin Juma'a: Haƙƙin jariri a shekararsa ta farko

 

Ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan mako na cikin gida ne, amma da gangan muka kawo shi masallaci, domin mu maza ne muka fi sakaci da shi. Mun san farashin buhun citta a Kachia da Kwoi, mun san ranar da mota za ta taso daga Kafanchan, amma in aka tambaye mu yaushe za a mayar da jariri awo, sai mu ce a tambayi uwarsa. Alhali uwar tana jiran izininmu da kuɗin keke.

Ba mu manta da damunar 2023 ba, lokacin da mashaƙo ya ɓulla a Kafanchan ya ɗauke yara, bayan ya riga ya yi ɓarna a Kano. Ciwo ne da ke toshe maƙogwaro, kuma rigakafinsa na cikin allurar da ake yi wa jariri kyauta tun yana da mako 6. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya ji annoba ta sauka a ƙasar Sham sai ya juya da jama'arsa daga hanya, kuma bai ɗauki hakan saɓa wa ƙaddara ba. Riƙo da sababi yana cikin tawakkali.

Mu fara da nono. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, kuma a ayar nan aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Ke nan in nono ya yi ƙaranci saboda uwa ba ta ƙoshi, tambayar tana kan maigida kafin ta kai ga kowa.

Ma'aikatan lafiya sun ce a sa jariri a nono cikin sa'ar farko da haihuwa. Ruwan farko mai kauri, mai launin ɗorawa, wato dakashi, shi ne wanda wasu iyayenmu ke cewa a matse a zubar wai ba shi da kyau. Da girmamawa muke faɗa, wannan kuskure ne. Dakashi ne ke ɗauke da garkuwar jikin uwa zuwa ga ɗa, shi ne kuma ke taimaka masa fitar da baƙin kashin farko. Kaɗan ne, e, amma cikin jariri a ranar ma ɗan mitsitsi ne.

Daga nan har wata 6, nono zalla. Ba ruwa, ba dauri, ba koko. A nan ake samun gardama, musamman a watan Maris da Afrilu da zafi ke gasa mutum: ya za a hana yaro ruwa? Amsar ita ce sama da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. In ana zafi, uwa ta ƙara shan ruwa, ta ƙara ba shi nono. Ruwan randa ko na rijiya da ba ya yi wa babba komai yana iya jawo wa jariri zawo, kuma duk abin da ya cika masa ciki zai rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ragu. Alamar yana ƙoshi ita ce yana fitsari akai-akai, kamar sau 6 ko fiye a yini da dare, kuma sikeli na hawa.

Sai zuma. Mun san falalarta, amma likitoci sun yi gargaɗin kada a ba yaron da bai cika shekara ba, saboda takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙarta ba tukuna, tana saki masa jiki har numfashi ya gagara. A jira ya shekara.

Yanzu ga inda mu mazauna nan abin ya fi shafa. Yawancinmu iyalinmu kan tafi wankan gida Zariya, Kano, Katsina ko Sakkwato, musamman haihuwar fari. Ku lissafa: arba'in kwana 40 ne, allurar mako 6 kuwa kwana 42. Daidai lokacin da ake haɗa kaya, ana yawon arba'in, ana neman mota. Can an ce ai za a yi mata a Kaduna, nan an ce ai an yi a gida, sai yaro ya faɗa tsakani. Katin rigakafi ɗaya ne a duk Nijeriya. Wanda aka buɗe a Funtua za a karɓe shi a asibitin Sabon Tasha, ko a babban asibitin Kafanchan mai sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, ko a ƙaramin asibitin unguwa. A sa shi cikin leda, ya bi yaro duk inda ya tafi. In ma an tsallake rana ba a komawa farko, ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya. Kada kunyar faɗan ma'aikaciya ta hana uwa komawa. Faɗan minti biyu ne.

Tsarin dai shi ne: da haihuwa ana yin ta tarin fuka, wadda ke barin ɗan tabo a dantse, da ɗigon shan inna, da ta ciwon hanta. Ta hantar an fi son a yi ta cikin sa'a 24, saboda haka kada a ce sai bayan suna, ko da a gida aka haihu. Sai mako 6, mako 10 da mako 14: allurar nan mai haɗe da cuta biyar, cikinsu har da mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙewar haƙora, tare da ta ciwon huhu, da ta shan inna, da ɗigon rigakafin zawo da aka shigo da shi a 2022. Wata 6 a ba shi bitamin A. Wata 9 ƙyanda, shawara da sanƙarau. Ƙyanda ana maimaita ta a wata 15. Ta wata 9 ce aka fi mantawa, don an daɗe ba a je ba, yaro kuma ya yi ɓul-ɓul ana ganin ya wuce wajen.

Ɗan zazzaɓi ko kumburi a cinya na kwana ɗaya ko biyu bayan allura ba abin tsoro ba ne. Masu shakka kuwa, mun san inda shakkar ta samo asali, tun 2003 da aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin Arewa. An koma a 2004, sarakuna da malamai suka shiga gaba, kuma a watan Agusta 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji. Yaran da suka sha ɗigon a wancan lokaci yau ga su da nasu 'ya'yan a goye.

Awo kuma ba don allura kaɗai ba ne. Sikeli kan faɗi abin da ido bai gani ba. Jariri yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar cikin mako biyu; zuwa wata 5 ko 6 ya ninka nauyin haihuwarsa, zuwa shekara ya kusa ninka shi uku. In layin da ke katin ya kwanta wata biyu a jere, a tambayi dalili tun kafin a kai ga tamowa.

Da ya cika wata 6 sai a fara abinci, nono kuma na ci gaba. Kuskurenmu a nan shi ne koko tsararo, ruwa-ruwa, wanda ke cika ciki ba ya gina jiki. A dama da kauri yadda zai tsaya a cokali. Allah ya zaunar da mu a ƙasar albarka: ga acca, ga tamba, ga waken suya, ga gyaɗa, ga manja. A haɗa hatsi da gyaɗa ko wake, a sa ɗan mai, a daka busasshen kifi a tankaɗe a barbaɗa, a murƙushe ƙwai, kabewa, dankali, gwanda ko ayaba. Maganar wai ƙwai na sa yaro sata ba ta da tushe a addini ko a likitanci. A fara da cokali 2 ko 3, sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 a kai sau 3 zuwa 4. A wanke hannu, a ba shi a kofi da cokali. Ɗura kuwa, a toshe hanci a zuba kunu, a bar ta. Kunu na iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu.

Game da girma, yaro yakan fara murmushi wajen wata 2, ya riƙe wuya wajen wata 4, ya zauna tsakanin wata 6 da 8, sai rarrafe, sai tsayuwa da dafa bango kusa da shekara, yana "baba, mama". Kowane yaro da takunsa, kada kishiya ko maƙwabciya ta tayar wa uwa hankali. Amma in ya kai wata 9 bai zauna ba, ko ba ya juyowa ga ƙara, ko ba ya bin fuska da ido, a nuna shi.

Akwai abubuwan da ba a jiran ranar awo, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa: jariri ya ƙi kama nono, numfashi da sauri ƙirji na lotsawa, jijjiga, zazzaɓi ga wanda bai kai wata 2 ba, idanu da tafin hannu sun yi ɗorawa, cibiya ta yi ja ko tana ruwa, amai ba tsayawa. Zawo ma kada a ce haƙori ne a zauna. In maɗiga ta faɗa, ruwan jiki ne ya ƙare, shafa magani a ka ba ya mayar da shi. A ci gaba da nono, a tafi asibiti, can za su ba da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki. Cire beli wurin wanzami kuwa ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ƙarin zubar jini.

Mu da sana'a kan kai mu ƙauye kwana uku ko huɗu, kafin mu fita mu bar izini a fili, mu bar kuɗin mota a hannun uwa, mu gaya mata maƙwabcin da za ta buga wa ƙofa in dare ya yi.