Ciwon Gwiwa da Ƙugu: Hatsarin Faɗuwa Wajen Sauka a Tashar Jidda

Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, wajen shekara ta 647, Jidda ce ƙofar Makka ta teku. Kakanninmu da suka ratsa Sudan da ƙafa nan suka sauka, kuma har yau 'yan'uwanmu na can suna tsallakowa daga Sawakin a jirgin ruwa. Darasinmu na wannan fitowa yana kan mintunan farko na sauka, ga dattijon da ke fama da amosanin gwiwa ko na ƙugu.

A wannan ciwo, guringuntsin da ke hana ƙasusuwa gogar juna ne yake cinyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke ɗauke da shi, kuma gwiwa ya fi kamawa. Zafin kowa ya san shi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, mai ciwon yana rage tafiya, sai naman cinya ya yi rauni, gwiwa ta riƙa lanƙwashewa ba zato. Gaɓar kuma ba ta ƙara sanar da ƙwaƙwalwa daidai inda ƙafa take. Ƙugu mai ciwo yana gajarta taku, yana hana ɗaga ƙafa sosai, ɗan tudu sai ya zama tuntuɓe.

To ku haɗa wannan da tafiyar teku. Mutum ya kwana zaune, gaɓɓai sun sandare, jirgi yana ɗan lilo, matakala ta jiƙe, ga jaka a hannu, ga silifas, ga jama'a na turowa ta baya. Wanda ya sha maganin barci ko na jiri don ya jure teku, nasa hatsarin ya ninka. Karayar ƙugu a wannan shekaru aikin tiyata ce, wani ma ba ya komawa tafiya kamar da. Ga kuma ɗawafi da sa'ayi suna jira, sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3.

Mafi yawanmu ta jirgin sama muke zuwa yanzu, amma dogon zama da matakala duk ɗaya ne.

Kafin a miƙe, a miƙar da gwiwa a lanƙwasa sau goma, a tsaya minti ɗaya tukuna. A bar masu gaggawa su wuce. Sanda a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya ake riƙe ta, ko da yake da yawa suna yin akasin haka. Wajen hawa, ƙafa mai lafiya ce gaba. Wajen sauka, mai ciwon ce gaba, ɗaya hannun kan ƙarfen matakala. Jaka a ba yaro.

Babban aikin tun daga gida yake farawa. Wata uku kafin tafiya, Alhaji da Hajiya su riƙa tashi daga kujera su zauna sau goma, safe da yamma, ba tare da dafawa ba in za su iya. Wanda ya taɓa faɗuwa a shekarar da ta wuce, ya faɗa wa likita lokacin gwajin tafiya, ya kuma nemi keken guragu tun daga tasha.