Amsoshin Tambayoyinku: Sai An Fasa Batir Kafin PSP Ta Koma Tsohuwar Manhaja?

Tambaya: Na sayi PSP ta hannu cikin kayan da muke kira France au revoir. Mai gyara ya ce sai an fasa batir an yanke wata ƙafa, a mayar da manhajarta baya, sannan za ta karɓi ƙarin wasanni. In yarda? Daga mai karatunku a Kamsaoghin, Zangon Wagadugu.

Amsa: Mai gyaran bai yi maka ƙarya ba, amma maganar tasa ta kwana biyu.

Ga asalin abin. PSP ɗin da Sony ya fitar a Amurka a 2005 tana ɗauke da manhaja 1.50, wadda ke da ƙofar da masu fasaha ke shigar da nasu shirye-shiryen. Sabbin manhajojin da suka biyo baya suka toshe ƙofar, shi ya sa kowa ya shiga neman hanyar komawa baya. A Agustan 2007 aka fito da dabarar da ake kira Pandora. A cikin batir akwai wata 'yar ayisi mai riƙe da lambarsa. Idan aka ɗage mata ƙafa ɗaya, na'urar za ta karanta lambar a matsayin FFFFFFFF, sai ta ɗauka tana hannun injiniyan kamfani, ta tashi daga memori na musamman, a yi mata filashin.

Kafin ka ba da ko sefa ɗaya, cire batirin ka duba lambar samfurin PSP ɗin a takardar da ke manne a gurbinsa. Idan ka ga 1004, Pandora na aiki. Idan 3004 ce, wadda ta fito a 2008, ba ta aiki sam. Haka ma wasu 2004 na ƙarshe masu allon TA-088v3. A kansu, ka lalata batir a banza.

Sannan ka kifa batirin a kan tebur. In yana lilo, ko murfin baya ya ƙi rufuwa, ya kumbura ke nan. Batirin litiyom da ya shekara goma sha wani abu, ya kuma sha zafin Afrilun Wagadugu, ba abin kai wa reza ba ne. Tsinin wuƙa ya huda shi, wuta ce za ta tashi a hannun mai gyara.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, yau ba ka buƙatar komawa baya. Manhaja ta ƙarshe da Sony ya fitar ita ce 6.61, a Janairun 2015, kuma a kanta ake ɗora manhajojin masu fasaha irin su PRO ko ARK-4 ta memori kawai, ba dalma, ba sukuddireba. Wani shiri mai suna Infinity kuma na sa su zauna ko an kashe na'urar. Ka cika caji tukuna, don mutuwar batir ana tsakiyar filashin ita ke kashe PSP.

Pandora tana da ranarta: na'urar da ta mutu, koriyar fitila na ci amma fuska baƙa ƙirin. Taka tana da lafiya, kada ka kai ta tiyata. Ka nuna wa mai gyaran wannan amsa cikin mutunci, domin sana'arsa ce, kuma zai amfana. Wasanni kuwa, ka tsaya kan waɗanda ka mallaki faifansu da waɗanda masu su suka bayar kyauta. Allah ya sa albarka.