Furanni Masu Ɗorewa: Yadda Lambun Makaranta Zai Riƙe Launinsa Daga Marka Zuwa Kaka

Gabatarwa

Matafiyin da ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a watan Agusta, ya ratsa ta Boɗinga da Shagari, zai tarar ƙasa ta yi kore shar, harabar makarantu cike da furanni. In ya sake biyowa a Nuwamba, sai ya iske lambunan sun zama fili fetal, ba abin da ya rage sai busassun karare. Ɗalibai sun sha wahalar haƙa da dashe, amma wahalar ba ta wuce wata uku ba. Sau da yawa laifin ba na ɗalibai ba ne, na zaɓen iri ne. Wannan darasi zai bayyana dalili, ya kuma nuna tsirran da suka dace da wannan yanki.

Tsiro mai damina ɗaya da tsiro mai ɗorewa

Masana ilimin tsirrai sun kasa tsirrai gwargwadon tsawon rayuwarsu. Akwai masu damina ɗaya, irin su gero da tafasa da yakuwa. Waɗannan sukan tsiro, su yi fure, su zuba iri, su mutu cikin 'yan watanni. Akwai kuma masu ɗorewa, waɗanda ke rayuwa shekaru da yawa, suna fure kowace shekara ba tare da an sake shuka su ba.

A Boɗinga da Shagari ruwan sama bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, kuma kusan duka yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. A bazara zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Saboda haka duk tsiron da zai ɗore a nan dole ya mallaki dabarar tsallake wata bakwai ko takwas na fari. Dabarun guda uku ne:

1. Ajiya a ƙarƙashin ƙasa. Albasar kwaɗi takan bar ganyenta ya bushe, ta ɓoye abinci da ruwa a cikin albasarta, sai ruwan farko ya sauka ta farfaɗo.

2. Ajiya a cikin kututture. Kariya tana da kumburarren gindi wanda yake mata aikin randa.

3. Doguwar saiwa. Gawo yakan tura saiwarsa can ƙasa inda laima ba ta ƙarewa.

Littattafan lambu na Ingila sukan lissafa furannin da ke ƙawata lambu daga Agusta zuwa Oktoba. Amma waɗannan an zaɓe su ne don jure ƙanƙara, ba zafin bazara ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Me ke sanar da tsiro lokacin fure?

A shekarar 1920 wasu masana biyu na Ma'aikatar Gona ta Amurka, Garner da Allard, suka gano cewa wani irin taba ba ya fure sai yini ya gajarta. Daga baya bincike ya nuna tsawon dare ne tsiron yake aunawa. A yankin Sakkwato yini yakan kai kusan sa'a 13 a ƙarshen Yuni, ya ragu zuwa sa'a 11 da kimanin minti 20 a Disamba. Wannan bambanci na sa'a ɗaya da rabi ya isa. Shi ya sa dawar gargajiya da yakuwa ke jiran ƙarshen damina kafin su yi fure, ko da an shuka su da wuri. Abu na biyu shi ne raguwar ruwa: wasu tsirrai sai ƙasa ta fara bushewa suke barin yin ganye su koma ga fure. Mai lambun da ya fahimci waɗannan abubuwa biyu zai iya jera tsirransa yadda in wannan ya gama, wancan ya karɓa.

Tsirran da suka dace

Gwangwama, wadda masana ke kira Canna indica, tana da faffaɗan ganye da fure ja ko rawaya. Ƙarfinta a marka yake, kuma takan ci gaba har cikin kaka in an dasa ta inda ruwa ke bi, kamar bakin rijiya ko wurin alwala. Ana yaɗa ta ta hanyar rarraba saiwarta mai kama da citta.

Furen Madagaska, wato Catharanthus roseus, gajeren tsiro ne mai fure fari ko ruwan hoda. Yana jure zafi, yana fure kusan duk shekara in yana samun ɗan ruwa. A 1958 masana a Kanada suka ciro sinadarin binbilastin daga ganyensa, wanda ake amfani da shi a asibitoci wajen maganin wasu cututtukan daji. Wannan ba ya nufin a dafa shi a sha, domin ɗanyensa guba ne.

Lalle, wato Lawsonia inermis, yana da ƙananan furanni farare masu ƙamshi. Yana yin shinge mai kyau, ga kuma amfanin ganyensa wajen ƙunshi.

Gawo, wato Faidherbia albida, abin mamaki ne. Yakan zubar da ganye da damina, sa'ad da sauran itatuwa ke kore, sannan ya tofo ya yi fure fari-fari da kaka. Ƙudan zuma na samun abinci a wurinsa lokacin da furanni suka yi ƙaranci. Babban itace ne, don haka gefen fili ya dace da shi.

Bugenbiliya asalinta Kudancin Amurka ne. An sa mata sunan wani matuƙin jirgin ruwa na Faransa, Bougainville, wanda ya zagaya duniya tsakanin 1766 da 1769. Abin da ake gani ja ko shunayya a jikinta ba fure ba ne, ganye ne da ya sauya launi. Furen na gaskiya ƙarami ne fari a tsakiya. Takan cika da launi bayan ɗaukewar ruwa, kuma yawan ban ruwa yakan sa ta yi ganye kawai.

Kariya, wato Adenium obesum, ita ke rufe jerin. Takan fito da fure ruwan hoda a kan rassa marasa ganye da rani, lokacin da kome ya bushe.

Dashe da kulawa

Lokacin dashe shi ne Yuli, bayan ruwa ya zauna, domin saiwa ta kama kafin Oktoba. A haƙa rami, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Reshen kariya sai an bar bakinsa ya bushe na 'yan kwanaki kafin a soka shi a ƙasa mai yashi, in ba haka ba ya ruɓe. Da ruwa ya ɗauke, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin tsiro don rage tururin laima, amma a riƙa duba gara. Inda ruwa ke da wuya, a binne tulu kusa da tsiro, a cika shi, a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsatsowa a hankali. A kuma yi shinge tun kafin a saki awaki bayan girbi.

Gargaɗi

Ruwan jikin kariya dafi ne mai taɓa zuciya. An daɗe ana amfani da shi wajen dafin kibiya a sassan Afirka. Kada a dasa ta kusa da ajin ƙananan yara, kuma duk wanda ya yanke ta ya wanke hannu da sabulu.

Aiki ga ɗalibai

Kowane aji ya zaɓi tsirrai 5, ya buɗe littafi. Kowane mako daga Agusta zuwa Disamba a ƙirga furannin kowanne, a rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta, da ranakun da aka yi ruwa. A ƙarshen zango a zana jadawali, a amsa: wane tsiro ne ya ƙara fure bayan ɗaukewar ruwa, wanne ne ya daina, kuma me ya sa?

Kammalawa

Makarantar da ta ajiye irin wannan littafi shekara uku a jere za ta mallaki kalandar furannin yankinta, wadda ba za a same ta a littafin wata ƙasa ba. Sannan ɗalibin aji ɗaya da ya dasa reshen kariya bana zai iya tsayawa gabanta ranar da ya gama makaranta, ya tarar tana fure.