Abincin Saye: Wanne Za Mu Zaɓa?

'Yan'uwana ɗalibai, in an tura mu gwajin koyarwa a Khaddamari ko wani gari na ƙasar Jere, yawancimmu ba mu da mai dafa mana. Dole mu ci na saye. To, ina so mu duba yadda mutum zai kashe ɗan kuɗinsa jikinsa ya amfana.

A darasin kiwon lafiya an koya mana abinci iri uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar gero da shinkafar nan ta fadamar Jere. Akwai mai gina jiki, kamar wake, gyaɗa, kifi da nono. Sa'an nan da mai tsare jiki daga cuta, watau ganyaye da 'ya'yan itace. Abin da na lura kuwa, samari na farkon kaɗai suke saye: burodi ko taliyar mai shayi, a kora da lemon kwalba. Ciki ya cika, jiki kuwa an ƙware shi.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Kwalbar lemo guda kuwa tana iya ɗaukar cokali 9. Yawansa yana ɓata haƙora, ya kawo ƙiba, ita kuwa ƙiba tana jawo ciwon sukari.

Ga shawarata:

1. Da safe a sha koko da ƙosai, ko a ci alale, gama wake naman talaka ne.
2. Da rana a nemi shinkafa da wake, ko tuwo da miyar ganye da ɗan bandan kifi. A haɗa da kwaɗon zogale.
3. A ce wa mai shayi ya rage sukari. Kuɗin lemon kwalba a sayi kankana ko gwaiba da shi.
4. A sayi abin da ke da zafi, a rufe, ƙuda bai taɓa ba, a kuma wanke hannu da sabulu. Kada mu manta, a 2017 cutar amai da gudawa ta ɓarke a sansanin Muna, cikin ƙasar Jeren nan.

Gobe mu ne za mu koya wa yara wannan darasi, su kuwa abin da suka gani a hannun malam lokacin tara shi za su saya. Lalle mu fara da kammu. Allah ya ba mu lafiya, amin.