Awa bakwai a Dakar da tsibirin Gore

1. Jirgin da ba ya jira

Akwai manyan jiragen ruwa da ba su ɗaukar kayan fatauci. Mutane suke ɗauka, masu yawon buɗe ido. A cikin irin wannan jirgi akwai ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, har da ɗakin likita. Jirgin yakan yi tafiya da dare. Da safe ya tsaya a tashar wani birni, mutane su sauka su ga gari. Kafin faɗuwar rana kowa ya komo, jirgi ya ƙara gaba. Wanda ya makara, an bar shi ke nan.

Wata safiya irin wannan jirgi ya iso Dakar, babban birnin ƙasar Senegal, a bakin tekun Atlantika. A cikin ma'aikatansa akwai samari biyu ƴan Nijar. Ɗaya ɗan Damagaram ne, yana taimakon masu dahuwa. Ɗayan ɗan Maraɗi ne, yana gyaran ɗakuna. An ba su izini su fita da ƙarfe 9 na safe, su komo kafin ƙarfe 4 na la'asar. Awa bakwai ke nan.

Ɗan Maraɗi ya ce: «Ni yau sai na ga Dakar duka!» Bai tambayi kowa ba, ya tare taksi ya tafi.

Ɗan Damagaram kuwa tun jiya da dare ya je wurin wani dattijo ɗan Senegal da ya daɗe yana aiki a jirgin. Ya gaishe shi, ya ce: «Baba, awa bakwai gare ni. Me ya kamata in gani?»

Dattijon ya ce: «Ɗana, taura biyu ba ta taunuwa. Ka zaɓi wuri guda ka gan shi da kyau. In ni ne kai, Gore za ni. Amma ka fara tambayar lokacin jirgin komowa tun kafin ka shiga na zuwa. Kuma ka daidaita agogonka: in ƙarfe 10 ta yi a Yamai, a Dakar ƙarfe 9 ne.»

Saurayin ya rubuta wannan a ƙaramin littafinsa. Ya shirya takardar shaidarsa, da gorar ruwa, da hula, da ƴan kuɗi. Bai buƙaci canji ba, don Senegal da Nijar kuɗinsu ɗaya ne, wato sefa.

2. Tsibirin Gore

Gore ƙaramin tsibiri ne, wajen kilomita 3 daga tashar Dakar. Tsawonsa kamar mita 900, faɗinsa bai wuce mita 350 ba. Ana zuwa can da jirgin fito, wanda mutanen Dakar ke kira «shalup». Tafiyar minti 20 ce. Babu mota a tsibirin, kowa da ƙafa yake tafiya.

Ƴan Fotugal ne Turawan farko da suka sauka nan, a shekarar 1444. Daga baya ƴan Holan suka karɓe shi, su ne kuma suka sa masa sunan da ya zama Gore. A 1677 Faransawa suka ƙwace shi. Ingilishi ma sun riƙe shi sau da yawa kafin ya tabbata hannun Faransa. Me ya sa suke faɗa a kan ɗan wuri haka? Don jiragensu na iya fakewa a bayansa, kuma yana da sauƙin tsaro, tunda ruwa ya kewaye shi. A 1978 hukumar UNESCO ta sa Gore cikin jerin wuraren tarihi na duniya baki ɗaya.

Saurayin ya sayi tikitin zuwa da komowa. Ya duba allon da aka rubuta lokutan tashin jirgi. Ya ga akwai mai barin Gore da ƙarfe 2, akwai kuma na ƙarfe 3. Ya ce a ransa: «Na ƙarfe 2 zan shiga. In ya kuɓuce mini, ga na ƙarfe 3.» Da ƙarfe 10 suka tashi. Da suka kusa isa, sai ya hango wata ganuwa mai zagaye a bakin ruwa. Sansanin soja ne da Faransawa suka gina bayan 1850, aka mai da shi gidan tarihi.

3. Gidan Bayi

Da saukarsa, ya nufi Gidan Bayi, tun kafin jama'a su cika shi. Gida ne mai bene, bangonsa ja-ja, an gina shi a ƙarshen ƙarni na 18. A tsakar gidan akwai matakala biyu masu lanƙwasa da ke hawa sama, inda masu gidan suke zama. A ƙasa kuwa ƙananan ɗakuna ne masu duhu, inda ake tsare bayi. A ƙarshen wani siririn lungu akwai ƙofa da ke duban teku. Ana kiranta «ƙofar da ba a komowa».

Tun daga ƙarni na 16 har zuwa na 19, fataken Turawa sun loda mutanen Afirka fiye da miliyan 12 a jirage, suka ƙetare da su zuwa nahiyar Amurka don aikin gonakin rake, da taba, da auduga. Da yawa sun mutu a kan hanya. Masana tarihi sun nuna cewa mafi yawansu ba ta Gore suka bi ba. Tashoshi irin su Wida a ƙasar Benin ta yau, da Luwanda a Angola, sun fi ta fitar da mutane nesa ba kusa ba. Hausawan da aka kai Barazil ma ta tashoshin kudu aka bi da su, kuma suna cikin bayi Musulmi da suka yi tawaye a birnin Salbado a 1835. Amma Gore ta zama wurin tunawa da su duka. Faransa ta hana bauta a ƙasashen da take mulka a 1848.

An buɗe wannan gida ga baƙi a 1962. Mai kula da shi na farko, Bubakar Jozef Njai, ya yi shekaru fiye da 40 yana ba baƙi labari, har ya rasu a 2009. Manyan mutane sun zo nan: Nelson Mandela a 1991, Fafaroma Jan Pol na Biyu a 1992, Barak Obama a 2013.

Saurayin ya saurari mai bayani har ƙarshe. Bai ɗauki hoto ba sai da ya nemi izini. Ya tsaya a bakin ƙofar ya dubi teku. Kusa da shi wata tsohuwa baƙa da ta zo daga Amurka tana share hawaye. Ya yi shiru, ya matsa mata wuri. Awa guda cur ya yi a gidan, bai ga ta yi yawa ba.

4. Makarantar malamai

Daga nan ya tambayi wani yaro inda tsohuwar makarantar Wiliyam Ponti take. Matambayi ba ya ɓata: yaron ya raka shi har gaban ginin. Ya ce masa «jerejef», wato «na gode» da harshen Wolof.

Wannan makaranta ta zauna a Gore daga 1913 zuwa 1937. A lokacin Dakar ce hedikwatar dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, har da Nijar. Daga kowace ƙasa ake zaɓo ɗalibai masu ƙwazo, a kawo su nan su koyi aikin malanta ko na ofis. Bubu Hama ya yi karatu a nan, ya fito a 1929, ya zama ɗan Nijar na farko da ya sami takardar malanta ta wannan makaranta. Jori Hamani, shugaban Nijar na farko, shi ma nan ya yi karatu. Haka Modibo Keita na Mali da Hufuwet Buwanyi na Kodibuwar.

Saurayin ya yi mamaki. Ashe tarihin ƙasarsa ya biyo ta wannan ɗan tsibiri! Ya zana ginin a littafinsa, ya rubuta sunayen a ƙasa.

Da rana ta take, ya ci shinkafa da kifi, abincin da mutanen Senegal ke kira «cebu jen». Ya tambayi kuɗin kafin a zuba masa. Sa'an nan ya hau tudun da ke kudancin tsibirin, inda tsofaffin igwa suke har yanzu. Daga can ana hangen Dakar da jiragen da ke tasha. Ya hango nasu jirgin, fari fat. A gindin tudun akwai tsohon masallaci na dutse a bakin teku, a nan ya yi sallar azahar. Ya so ya shiga gidan tarihin sansanin soja, amma da ya dubi agogo sai ya haƙura. Ƙarfe 2 saura kwata yana bakin jirgin fito.

5. Komowa

Ƙarfe 2 da minti 20 ya sauka Dakar. Tunda da sauran lokaci, ya biya ta kasuwar Kermel, wadda ba ta da nisa da tasha, ya saya wa mahaifiyarsa ɗan kallabi. Ƙarfe 3 da rabi yana cikin jirgi.

Ɗan Maraɗi fa? Ya je ya ga babban gunkin tagulla da aka buɗe a 2010, mai tsawon kusan mita 50, amma bai hau tudunsa ba. Ya wuce Almadi, inda ƙasar Afirka ta fi miƙewa yamma, ya yi minti biyar. Ya leƙa kasuwa biyu. A kan hanyar komowa cunkoson motoci ya tsare shi. Kuɗinsa sun ƙare a taksi, bai ci kome ba. Sai ƙarfe 5 saura ya iso da gudu, gumi sharkaf. Shugaban ma'aikata ya ja masa kunne, ya hana shi fita a tasha ta gaba. Da ya ƙara jinkiri kaɗan, da jirgi ya tafi da kayansa da aikinsa.

Da dare dattijon ya tambaye su abin da suka gani. Ɗan Maraɗi ya nuna hotuna da yawa a wayarsa, amma bai san labarin ko ɗaya ba. Ɗan Damagaram ya buɗe littafinsa, ya yi ta ba da labari har aka kira su aiki. Dattijon ya dafa kafaɗar ɗan Maraɗi ya ce: «Ɗana, sauri ya haifi nawa. In mun sake zuwa, ka bi ɗan'uwanka.»

Abin riƙewa

Baƙon da ke da ɗan lokaci a birnin tarihi ya tambayi wanda ya san gari tun kafin ya sauka. Ya zaɓi wuri ɗaya ko biyu, ya fara da mafi muhimmanci. Ya san lokacin komowa, ya bar wa kansa ratar awa guda. Ya gaida mutane, ya girmama wurin, ya rubuta abin da ya gani.

Ma'anar kalmomi

Tsibiri: ƙasa da ruwa ya kewaye ta ko'ina.
Jirgin fito: jirgin da ke ƙetarar da mutane daga gaɓa zuwa gaɓa.
Ƙarni: shekara 100.
Igwa: babbar bindiga da ake kafawa a ƙasa.

Tambayoyi

1. Wace shawara dattijo ya ba ɗan Damagaram?
2. Me ya sa Turawa suka yi ta faɗa a kan Gore?
3. Me ya sa ake zuwa Gidan Bayi, ko da yake ba ta nan mafi yawan bayi suka bi ba?
4. Waɗanne ƴan Nijar ne suka yi karatu a Gore?
5. Me ya sa saurayin bai jira jirgin ƙarfe 3 ba?

Lissafi

1. Saurayin ya isa Gore ƙarfe 10 da minti 20, ya bar ta ƙarfe 2. Awa nawa da minti nawa ya yi a can?
2. In ƙarfe 4 ta yi a Dakar, ƙarfe nawa ne a Tawa?
3. Shekara nawa ke tsakanin 1444 da 1848?

Aikin yi

Baƙo ya zo garinku, awa huɗu kaɗai gare shi. Ku rabu ƙungiya-ƙungiya, ku zaɓa masa wurare biyu na tarihi. Ku tambayi dattawan unguwa labarinsu. Ku rubuta masa tsarin tafiya da Hausa, da lokacin kowane wuri, sa'an nan ku faɗe shi da Faransanci a gaban aji.